Shekarar da Muka Kwashe Kara

Tun ina yarinya, gonar mahaifinmu ta Magami ba ta rabo da baƙi bayan kaka. Da an yanke dawa an kai gida, sai wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa ya iso da shanunsa daga wajen Bungudu, ya kafa bukka a tsakiyar gonar. Shanu su ci kara da ganyen da ya rage, su bar mana taki. Babu wanda ya taɓa zama ya ƙulla wannan ciniki. Baba a wurin kakanmu ya gada, Baffa ma haka ya tashi ya tarar.

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyarwa a Gusau, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. A shekarun nan damina ta koyi rowa. Ta makara, ta yi ɗan abin da za ta yi, ta ɗauke tun hatsi bai gama cika ido ba. Rumbunmu ya daina kai mu ga sabon gero. Yayana, mai yawan zuwa kasuwar Tsafe, shi ya kawo shawarar turke: a sayi ramammun bijimai biyu, a ɗaure a gida, a ciyar da su, a sayar gab da Babbar Sallah. Shawara ce mai kyau, ba zan hana shi wannan ba, ko da yake yayana in ya yi gaskiya sau ɗaya sai unguwa ta gaji da ji. Sai dai bijimin turke ba ya cin iska. Karan da zai ci, shi ne wanda shanun Baffa ke dogara da shi su ƙetare rani.

Baba ya yi ta jan ƙafa, amma daga baya yunwa ta fi kunya ƙarfi. Aka ɗaure kara dami-dami aka kawo gida, harawar wake da ta gyaɗa aka ɗora kan ɗaki. Gona ta zama tas kamar an bi ta da tsintsiya.

Ina gida ranar da Baffa ya iso. Ya daɗe a bakin gonar, sanda a kafaɗa, shanu suna ta sunsunar ƙasa. Sannan ya zo zaure. Ni na kai musu fura, kuma ban yi nisa ba.

Bayan doguwar gaisuwa Baba ya ce, "Ka dai ga yadda shekara ta zo muna bana."

Baffa ya ce, "Na gani, Malam. Damana ta Allah ta, ba ni ba kai. Shi kyauta muna baɗi."

Bai ambaci kara ba ko sau ɗaya. Da ma zagi ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na ji haushin yayana, na ji haushin Baba, amma na san abin da ya rage a rumbu, don haka haushin ya rasa inda zai sauka. Washegari Baffa ya kaɗa shanu ya yi kudu, ta burtalin da rabinsa ya riga ya zama gonaki.

Turke ya yi albarka. Bijiman suka yi ƙiba har tozo na rawa, aka sayar, aka auno hatsin da ya riƙe gidan. Takinsu kuma jaki ya yi ta kai wa gona a mangala. Yayana ya samu abin faɗi. Baba kuwa ko an taya shi murna sai ya ce a gode wa Allah, ya sauya magana.

Bayan Sallah, cikin tsananin bazara, Baffa ya dawo. Garken ya ragu sosai, waɗanda suka rage kuma haƙarƙarinsu duk a waje. Ya bar su a bayan gari, ya shigo da wata 'yar maraƙa a igiya, tana tafiya tana tangaɗi. Wannan karon gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

Baffa ya ce wa Baba, "Uwatta ta hwaɗi bisa hanya, ba ta tashi ba. Cikin jinin shanun da ubana ya bar man, wagga ɗai ta rage. In na tahi da ita ba ta kai damana. Gidanka akwai ci, Malam."

Na san abin da fitar wannan magana ta ci wa mutum irinsa, wanda bai taɓa roƙon ko ruwan sha ba. Tausayinsa ya kama ni, na Baba ma ya kama ni. Baba ya karɓi igiyar ya ɗaure maraƙar a turken da bijiman suka bari. Yayana ya tashi zai ɗauko harawa, Baba ya dakatar da shi da hannu, ya jingina tsani ya hau da kansa, da tsufansa da ciwon gwiwa.

Baffa ya tsaya har ya ga ta sa baki ta fara ci. Sannan ya juya ya koma wurin sauran shanun, bai waiwayo ba.