Likkafanin Malam Halliru na Isa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, goma ga watan Safar na 1375, wadda ta yi daidai da 28 ga Satumba 1955, Allah ya karɓi ran Alhaji Malam Halliru na Isa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ya rasu da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, saboda haka yawancin waɗanda suka yi masa salla daga gona suka zo, da ƙaiƙayi a jikinsu.

Ni mai wannan rubutu sunana Ɗanmusa. Falke ne ni, ina kai goro Maraɗi in dawo da kanwa. Ba dangin Malam ba ne ni, maƙwabcinsa ne, danga ɗaya ta raba mu. Bokon nan da nake karcewa ma a zaurensa na koye shi da furfurata, lokacin da ya ba da wurin a riƙa yin ajin manya bayan la'asar, wasu malamai na ta gunaguni. Ba zan ce Malam ba shi da aibu ba. Yana da taurin kai, yana da yawan tambaya, kuma wanda ya shiga hannunsa da safe sai ya haƙura da kasuwa. Za a sami masu ba da labarin karatunsa, sun fi ni sani. Ni abu ɗaya zan rubuta, don na gan shi da idona, wato labarin likkafaninsa.

Malam ya tafi Makka da ƙafa yana saurayin ango, ya bar matarsa Maijidda a gidan iyayensa. Shekaru ya yi a hanya, yana tsayawa yana ƙwadago yana wucewa, har wasu suka fara yi mata maganar ta ɗauki takaba. Ba ta ɗauka ba. Da ya dawo bai zo da dukiya ba, sai littattafai da farin yadi mai santsi, mai matsattsiyar saƙa, wanda ya wanke da ruwan Zamzam ya shanya a can, don ya zama likkafaninsa. Maijidda ya ba ajiya. Kowace shekara in damina ta ɗauke takan fito da shi daga akwati, ta baza shi ya sha iska, ta turara shi, ta mayar. Duk unguwa an san wannan yadi, an kuma san a wurinta shi ne ladan jiran da ta yi.

To, a ƙasarmu akwai kurkunu. Wanda bai taɓa yi ba ya gode wa Allah. Ƙafa ta kumbura, ta yi bororo, ta fashe, farar tsutsa kamar zare ta leƙo, a yi ta naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, wata guda ko fiye, mutum na kwance. Muguntar abin ita ce ba ya zuwa sai an yi shuka. Ƙato ya kwanta yana kallon ciyawa tana cinye masa gero. In kaka ta yi rumbu ba kome, ga haraji, sai a kwashe yara daga makaranta a tafi cin rani. A wajen Tozai abin ya fi tsanani. Akwai shekarar da na ratsa wata unguwa can da jakaina ana tsakiyar noma, na iske maza a jere ƙarƙashin inuwa, kowa da tsinkensa a ƙafa.

Mutane sukan zo wurin Malam neman rubutun sha. Yakan ba su, amma sai sun biya da amsa. Ina gonarka? Ina kuke ɗiban ruwa? Rijiya ko tabki? Mutum nawa suka kwanta a gidanku bara? Da bai ƙoshi da amsar masu zuwa ba, ya hau jakinsa ya bi su. Ya je Bafarawa ranar kasuwa, ya je Kurawa, ya shiga rugagen Fulani, yana tambayar da babu wanda ya taɓa ganin amfaninta. Har aka sa masa suna Malam Ina-kuke-sha, yara na faɗa a bayansa. Damina biyu ya yi a haka. Abin da ya samo kaɗan ne, amma bai canza ba duk inda ya je: gidajen da ke shan rijiya mai baki kurkunu bai cika damunsu ba, masu shan tabki kuwa shi ne abokin zamansu.

Da wannan ya je ɗakin shan magani na Sabon Birni, ya zauna da malamin asibitin. Mutumin ya ɗebo ruwan tabki a kofin gilashi ya ɗaga wa rana, ya nuna masa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari suna tsalle a ciki. Ya ce su ke ɗauke da ƙwan tsutsar, kuma in an tace ruwa da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa ba sa wucewa. Ya ƙara masa da cewa abin da aka sha bana sai baɗi yake fitowa. Ya ce ya sha faɗa wa mutane, su ce to, su tafi. Malam ya dawo ya gwada da saƙinmu na gida, ƙwarin suka wuce abinsu. Yadin kanti kuwa a lokacin ba kowane magidanci ke iya yanka wa matarsa zane ba, balle ya saya wa tulu.

A nan ne, Malam, ka tuna da akwatin Maijidda.

Ƙanensa Sammani ya zo ya same shi a zaure, Malam na riƙe da almakashi, ina nan zaune. Ya ce, "Yaya, in ka yanka wanga tuhwa, da mi za mu ruhe ka?"

Malam bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ni dai ban san gawad da anka rasa abin ruhe ta ba. Amma na san gonad da anka rasa mai nome ta."

Maijidda ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi kuka a gaban kowa ba. Ta miƙo yadin ta koma ɗaki. Ta ci gaba da kai masa abinci, amma magana ta ɗauke tsakaninsu kwana da kwanaki, mu maƙwabta mun ji shirun ta danga. Ya yayyanka yadin daidai bakin tulu, ya tara a kan tabarma. Ranar da zai tafi Tozai ya raba wa mutane, sai ya iske kowane ƙyalle an kalmashe bakinsa an ɗinke, don kada ya zare. Bai tambayi wanda ya yi ba, ba a kuma gaya masa ba.

Lissafin Malam shi ne, mutanen da suka ƙi jin maganar asibiti ba za su raina abin da ya taɓa Zamzam ba. Ya yi gaskiya, har abin ya wuce inda yake so. Da ya koma bayan mako biyu bai ga ƙyalle ko ɗaya a bakin tulu ba. Wasu sun naɗe nasu sun kai wa baduku ya ɗinke musu laya. Wasu sun sa a ƙasan kwalla tare da kayan aure. Wata tsohuwa mai suna Larai, wadda 'ya'yanta maza duka ke kwance, ta fito da nata fari fat a cikin faifai, ta ce masa, "Malam, tuhwan da anka wanke da Zamzam za ni sa ma laka?"

Ya ce, "Inna, ba ajiya nib ba ki ba." Ya karɓa, ya rufa a bakin tulunta, ya kwarara ruwan tabki a kai da hannunsa har ƙyallen ya yi ja. Haka ya bi gida-gida yana ɓata likkafaninsa da kansa, yana sa a farke layu. An ce mini wasu matan har da hawaye.

Daminar nan kurkunu ya fito kamar kullum. Malam ya riga ya gaya musu na bara ne ke fita, amma mai ciwo ba ya riƙe irin wannan bayani. A kasuwar Isa an yi ta magana, wai Alhaji ya yi asarar likkafani a banza, wai ƙwaro bai san Zamzam ba. Sammani ya daina zama inda ake hira. Wasu gidaje a Tozai sun daina tacewa. Malam bai yi wa kowa wa'azi ba. Kowace Alhamis, ranar da babu makaranta, yakan ɗaura wa jaki akumari ya tafi, ya leƙa tuluna, ya yi faɗa inda ya ga ba ƙyalle, ya dawo. Wata rana na tambaye shi in baɗi ta zo abin bai yi ba fa? Ya ce to ya yi kuskure ke nan, sai ya sake tambaya. Ban ga damuwa a fuskarsa ba, amma na lura ya rame a shekarar.

Damina ta zagayo. Ba zan ce kurkunu ya ƙare a Tozai ba, don har gobe akwai shi. Amma gidajen da suka riƙe tacewa maza sun fita noma. 'Ya'yan Larai sun yi noman fari sun yi maimai, sun cika rumbu, har sun shuka auduga. Yaran unguwar da aka saba kwashewa cin rani sun zauna sun yi karatu. Malam ya sake bin gidajen da tambayoyinsa, ya kai wa malamin asibiti abin da ya gani, daga nan mutane suka fara sayen ɗan ƙyallen kanti da kansu.

Sammani ya ga ɗan'uwansa ya tsufa ba likkafani, ya sayo alawayyo mai kyau ya kawo. Malam ya yi godiya, ya sa masa albarka, da gari ya waye ya yayyanka ya kai wa mutanen Kurawa. Tun daga nan ba wanda ya sake ba shi farin yadi. Maijidda ta taɓa ce wa matata ba mutuwarsa take tsoro ba, abin da ke hana ta sukuni shi ne a ce mijinta, alhaji, malami, an bi gari ana neman abin rufe shi.

Ranar Larabar nan abin da take tsoro ya zo. Ana haƙa kabari, akwati ba kome, Sammani ya tashi zai nufi kasuwa. Sai ga mutanen Tozai, don tun da suka ji ciwo ya yi tsanani suka kwana a Isa. Masaƙinsu, Ɗan'auta, ya sauke ƙunshi a zaure ya kwance. Farin saƙi ne, na audugar shekarar da suka fara tashi noma, matansu suka kaɗa zaren, shi ya saƙa, suka ɓoye a ɗakinsa. Sammani ya ɗaga ya ga ana hango haske ta cikinsa. Ɗan'auta ya ce, "Mun san halinai. Da gangan munka yi saƙa sako-sako, ko ya gano shi ba shi tace mai ruwa." A gidan makoki ne, amma sai da aka yi murmushi.

Larai ma ta zo, a kan jaki. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙyalle, ya yi ja, ya yi laushi, har ya fara ɓulewa a tsakiya. Ta ce shi ne saura daga na Makka, ta wanke shi, a sa wa Malam. Masu wanka suka dubi juna, don ba fari ba ne. Aka aika da shi cikin gida a tambaya. Maijidda ta juya shi a hannu, ta bi bakinsa da yatsa. Matata na kusa da ita, ita ta gaya mini abin da ta ce: "Na gane shi, ɗumkina na. A ɗamre mai kai da shi."

Haka aka yi. Malam, ka tafi cikin saƙin Tozai, an ɗaure maka kai da guntun yadinka na Makka, wanda ya sha Zamzam sau ɗaya, ya sha ruwan tabki shekara da shekaru. Ni ba mai kuka ba ne, amma tun ranar ban iya zama a zaurenka ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sammani, da 'ya'ya da jikoki, da almajiransa na allo da na ajin manya, da mutanen Isa da Sabon Birni, da Kurawa da Tozai. Ga Maijidda kuwa, wadda ta jira shi sau ɗaya ya dawo, Allah ya ba ta haƙurin wannan tafiyar, ya sada su a Aljanna. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.