Abin da Madugu Ya Faɗa

A gidanmu na Zongo ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar ta sana'a ce. Kakarmu, Inna Mero, wadda ta haifi babana, wake da shinkafa take sayarwa da safe a bakin tasha, saboda haka ana idar da magariba take ɗora tukunyar wake a tsakar gida. Ta jefa karan dafi a ciki don ruwan ya yi ja, ta zauna kan 'yar kujerarta tana tura itace. Mu jikoki sai mu kewaye ta, wani da allo, wani da littafin lakwal, wato makarantar boko. Zafin Lome mai danƙo ne, ba mai neman wuta don ɗumi, amma hayaƙin yana korar sauro, kuma inda Kaka take nan ne labari yake.

Tana da yadda take buɗewa. Sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma." Mahaifinta bafatake ne da ya sauko daga ƙasar Kano da fataucin goro har ya zauna a bakin teku, don haka yawancin tatsuniyoyinta na hanya ne: ayari, zango, mashigin kogi, jakuna masu wayo. Na ji su da yawa, na manta da yawa. Guda ɗaya ce ta zauna mini daram, ita ce wadda ta yi mana a shekarar da aka rufe masana'antar sabulu.

Maza biyu na gidanmu duk a can suke ci. Babana, Idi, yana wajen manyan tukwanen da ake dafa manja da soda, kuma shi ma'aikata suka zaɓa wakilinsu a ƙungiyar ƙwadago, wadda muke kira sandika. A wancan zamanin, jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, sandika ma ɗaya ce, kuma a ƙarƙashin jam'iyya take. Abin da ake so daga wakili shi ne ya tara mutane su sa anko su je rawa da waƙa in manya za su wuce. Baba bai tsaya nan ba. Ya dinga hawa bene, ofishin shugabanni, yana maganar safar hannu da takalman roba, don soda tana cin fatar mutane. Ƙanensa kuwa, Baffa Garba, ya yi lakwal mai zurfi, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. A benen yake aiki, cikin masu kula da ma'aikata. Da safe su fita tare a kan babur ɗinsa, da dare su ci tuwo a kwano ɗaya.

Ranar da aka sa wa ƙofar masana'anta kwaɗo, kwanon nan ya rabu biyu.

Na sha jin su ta bayan labule. Baffa ya ce, "Yaya, ku kuka kashe ta. Kullum taro, kullum ƙorafi. In an ce a ƙara awa ɗaya sai ku zauna kan buhu. Ga sabulu yana fita a ƙarƙashin riga, kana gani."

Baba ya ce, "Mu muka sayo injin da bai taɓa juyawa ba? Mu muka cika bene da mutanen da ba su san warin manja ba? Wata nawa muna zuwa mu tarar da tukwane a bushe?"

Daga nan sai muryoyin su yi ƙasa, sai su mutu. Akwai inda in magana ta kai, kowa yakan dubi katanga ya yi shiru. Daga baya ma gardamar ta ƙare, gaisuwa kawai ta rage, ita ma a tsaye.

Sai aka kafa kwamitin bincike daga sama. Kowa a Zongo ya san ba dalili ake nema ba, wanda za a ɗora wa ake nema. Aka aiko wa Baffa cewa ya bayyana gabansu. Wani babba ya ja shi gefe ya nuna masa hanya: in ya tabbatar cewa wakilan sandika ne suka zuga ma'aikata suka lalata aiki da gangan, akwai kujera tana jiransa a wani ofishin gwamnati. A lokacin, wanda aka ce ya yi wa ƙasa zagon ƙasa, mota ce take zuwa ta ɗauke shi, iyalinsa su yi ta yawon tambaya. Ba wanda ya yi mana bayani, mu yara. Ni dai na ga Mama ta naɗe bargo da carbi da riga ɗaya ta sa a jaka ta rataye bayan ƙofa, na kuma ga Baba ya gani ya wuce.

Daren da washegari Baffa zai je, ya fito da dutsen guga yana neman garwashi don ya goge farar rigarsa. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya ba mu baya.

Kaka ta ce, "Garwashin bai nuna ba, Garba. Zauna ka jira."

"Inna, ga shi nan ja wur."

"Na ce bai nuna ba."

Ya zauna kan turmi da dutsen guga a hannu. Kaka ta ɗaga ludayi, muka shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, ta fara da murya sama da yadda ta saba.

Wai an yi wani ayari da ya taso daga Gwanja da goro, za shi arewa. Madugun mutum ne mai kwarjini, amma yana son a yabe shi. Da zai zaɓi jagaba, wanda zai shige gaba ya nuna hanya, sai ya bar tsofaffin da suka san daji ya ɗauki surukin wani basarake. Jagaban nan ya yi ta kai su hanyar da ba rijiya. Madugu yana kan doki a gaba, bai taɓa juyowa ya ga ƙafafun 'yan dako ba. In sun yi kuka ya ce a gaya musu an kusa zango.

'Yan dako kuwa suna da babbansu, Tanko, mutum mai gaskiya mai taurin kai. Da ya ga ba a jin su, ya ce to kowa ya yi abin da ya ga dama. Goro kuwa ɗan lele ne, kowane zango sai an kwance huhu, an yayyafa ruwa, an sake ganye, an tsince wanda ya fara lalacewa. Suka bar yi. Wasu ma suka riƙa zura hannu cikin huhu suna cika aljihu, Tanko ya kau da kai don yana ganin an cuce su. Da suka iso bakin babban kogi, ruwa yana ƙaruwa, masu fito suna cewa a yi sauri, Tanko ya ce ba mai ɗaga kaya sai madugu ya sauko daga doki ya saurare su. Madugu ya ce shi ba ya saukowa don 'yan dako. Suna nan a haka kogi ya cika ya batse. Kafin ya janye, goro ya yi sankara ya lalace, ayari ya watse.

Aka kai su gaban alƙalin sarkin ƙasar. Madugu ya nuna Tanko, Tanko ya nuna madugu. Alƙali ya ce akwai shaida? Sai wani tsohon jaki da ke ɗaure a gindin bishiya ya yi gyaran murya.

A nan Kaka ta canza murya ta koma ta jaki, mu kuwa muka fashe da dariya, har da ƙanena da ya fara gyangyaɗi.

Jaki ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni na ɗauki kayan nan a bayana tun daga Gwanja. Abin da madugu ya faɗa a kan Tanko gaskiya ne. Abin da Tanko ya faɗa a kan madugu ya ma fi gaskiya, don linzami a hannun madugu yake. Amma akwai abin da bayana ya sani. Duk ƙofar garin da muka wuce, sai na ji kayana sun ragu. Dogarawa su zo su ce sarki yana gaisuwa, su sauke huhu. Su ce ana biki a fada, a ba da jakuna su kai itace, mu kwana biyu ba tafiya. Jagaban ma da ya ɓatar da mu, daga fada aka aiko shi. Tun kafin mu ga kogi rabin goron ya tafi."

Alƙali ya dubi dogarawan da ke tsaye a kansa, ya ce tun da yake bai taɓa jin an karɓi shaidar jaki ba. Aka kore shi da sanda. Sa'an nan ya juyo wajen madugu ya ce, "Abu ɗaya nake so daga bakinka. Ka ce Tanko ne ya kashe ayarin nan da gangan, a ɗaure shi, kai kuma a ba ka wani ayarin." Madugu ya dubi Tanko. Ya dubi dogarawa. Ya buɗe baki.

Kaka ta tsaya. Ta buɗe tukunya, ta ɗauko ƙwayar wake ɗaya ta murza a yatsa.

Na ce, "Kaka, me ya ce?"

Ta ce, "Wanda ya ba ni labarin, a nan ya tsaya. Ni ma jira nake in ji." Sai ta ɗebi garwashi da guntun kwano ta zuba a dutsen gugar Baffa. "Yanzu ya nuna. Je ka goge rigarka."

Washegari Baffa ya fita cikin farar riga bai karya ba. Baba ya yi wanka ya sa kaftani ya zauna a zaure, wai kada a zo a same shi ba shiri. Kaka ta tafi tasha da tukunyarta kamar kullum. Sai bayan la'asar muka ji ƙarar babur. Baffa ya shigo, rigar ta jiƙe da gumi, ya tsaya gaban yayansa.

Baba ya ce, "Yaushe za su zo?"

"Ba za su zo ba, Yaya. Na ce wa kwamitin tukwane sun tsaya don ba manja, inji ya tsaya don ba kayan gyara, kuma ba ma'aikaci ne yake sayo su ba. Na ce motocin da ya kamata su ɗauko manja suna can suna jigilar 'yan rawa. Suka ce in maimaita. Na maimaita da Faransancin da ba wanda zai ce bai gane ba."

"Ka san abin da ka yi?"

"Na sani."

Baba ya ce, "Maganar sabulun da ke fita a riga, ba ƙarya ka yi ba. Na gani na yi shiru."

Baffa ya ce, "Wannan ba su tambaye ni ba."

Sau biyu aka sake kiran Baffa, sau ɗaya ya kwana a can. Kujerar da aka yi masa alkawari wani aka ba, kuma bai ƙara samun aikin ofis ba har zamanin ya wuce. Amma ba a ɗauki Baba ba, ba a ɗauki sauran wakilan ba, don kwamitin ya rasa bakin da zai jingina da shi. Mutanen da ko sunansu ban sani ba, Hausawa da Ewe da Kotokoli, suka riƙa zuwa ƙofar gidanmu suna gaishe da Baffa. Wata tsohuwa daga unguwar Djidjolé, uwar ɗaya daga cikin wakilan, ta zo da kaza a hannu, ba ta jin Hausa, ta dai riƙe hannunsa ta daɗe.

Bayan wasu watanni suka yanka gangar ƙarfe biyu a bayan gida suka mai da su tukwane. Baba yana dafa sabulu, Baffa yana ɗaurawa a babur ya kai wa 'yan kasuwar Kodjoviakopé, unguwar bakin iyaka, masu tsallakawa Gana. Da wannan sabulun aka ƙarasa mana karatu.

Yanzu na manyanta. Na yi aiki a ƙarƙashin wasu, na kuma riƙe shagon ɗinki da mutane a ƙarƙashina, na ɗanɗana kowane gefe. Duk lokacin da wani kamfani ya durƙushe na ji ana jayayya, waɗansu na cewa 'yan ƙungiya ne, waɗansu na cewa shugabanni ne, ba na saurin ɗaukar gefe. Kaka ba ta raba laifi daidai wa daida don a zauna lafiya ba. Ta ba wanda ke riƙe da linzami kaso mafi girma, ta ba masu kaya nasu, ta kuma nuna hannun da kowa ke gani ba mai iya ambata. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne kasadar da ta yi. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta faɗi a tsakar gida, da murya sama, abin da maza masu karatu ke tsoron raɗawa, kuma ta san maƙwabta suna ji. Ta san cewa tana iya ceton ɗa ɗaya ta jefa ɗayan cikin wuta. Duk da haka ba ta ce wa Garba yi kaza ba. Ta kai shi bakin maganar ta bar masa.

Baba ya riga Baffa rasuwa. A shekarun Baffa na ƙarshe, idonsa ya yi rauni, nakan je in zauna da shi da yamma. Wata rana na tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sanin kujerar nan.

Ya ce, "Ko yau aka sake kirana, abin da na faɗa shi zan faɗa." Sai ya matso kusa da ni kamar mai tsoron kada Baba ya ji. "Amma ki sani, babanki ma da taurin kai. Da sun yarda da ƙarin awa ɗayan nan, da mun ƙara ko da shekara guda."