Man Kantar Ƙafa a Fuskar 'Yar Ƙanena

Na daɗe ina aiki a sashen adana bayanan ɗalibai a nan Mubi, na ga abubuwa iri-iri, amma safiyar da na ga fuskar 'yar ƙanena ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A wurina take zaune tana karatun malanta. Ƙurajen fuska sun dame ta tun tana sakandare, kuma ba ta iya barin su sai ta matse, saboda haka kowanne ya warke sai ya bar baƙin tabo. Da lokacin fita koyon koyarwa ya matso, hankalinta ya tashi. Ta ce ba za ta iya tsayawa gaban aji yara suna ƙirga mata tabo ba. Na ce ta bari mu ga likita. Ta ce to, Goggo, amma ashe ta riga ta sayo magani a kasuwa, wurin wani mai kayan shafe-shafe da ke shigo da kaya daga Kamaru ta Belel.

Da safen nan ta fito daga ɗaki ta rufe fuska da mayafi. Na kai hannu na janye shi. Duk inda tabo yake ya yi fari fat kamar an ɗiga mata tafasasshen ruwa, gefensa ya yi ja ya kumbura, fatar kumatun hagu kuwa ta fara saɓulewa.

"Tun yaushe kike shafawa?"

"Tun farkon mako, Goggo. Ya ce in na ji zafi, aiki ne yake yi."

Muka hau keke napep sai asibiti. Rubutun kwalin maganin duk Faransanci ne, babu wanda ya iya karantawa a gidanmu. Likitar da muka samu ta yi karatu a Marwa ta Kamaru, tana jin Faransanci. Ta juya kwalin, ta dube mu, ta ce wannan man cire kantar ƙafa ne, irin wadda takalmi ke yi wa mutum, kuma an rubuta ƙarara kada ya taɓa fuska. Ta ce baƙin tabon ƙuraje yakan dushe da kansa in an daina matsa, ana wanke fuska a hankali, ana kiyaye ta daga rana, amma ƙuna irin wannan ba ta da tabbas.

Daga asibiti ban koma gida ba, rumfar mutumin na nufa da kwalin a hannuna. Na yi tsammanin zai firgita. Ko tashi bai yi ba.

"Hajiya, ita ya ce maganin tabo yake so. Wannan yana cire tabo."

"Na ƙafa ne!"

"To ƙafa da fuska, ba duka fata ba ne?"

Abin da ya fi girgiza ni shi ne ba ƙarya yake yi ba. A Hausarsa, kanta tabo ce, ƙuna tabo ce, sawun ƙurji ma tabo ne, kuma da wannan kalma guda yake sayar wa mata magani. Na kai ƙara a rubuce ga hukumar da abin ya shafa, na haɗa da kwalin.

Yarinyar ta fita koyon koyarwarta da auduga manne a kumatu. Baƙaƙen tabon da ta tsana sun dushe kamar yadda likita ta faɗa, amma ƙunar hagu tana nan har yau, ga shi ta zama malama da ajinta.

Tun daga ranar na ɗauki darasi: duk maganin da ba a iya karanta mini rubutunsa ba, ba ya shiga gidana, kuma wanda bai dubi fuskar mutum ya tambaye shi wane irin tabo ba, bai isa ya ba shi abin shafawa ba.