Ranar da Gyartai Ya Hau Gora

Ni gyartai ne ɗan gyartai, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba, ko da yake mutane da yawa sun so in ji. Aikinmu ɗinkin ƙwaryar da ta fashe. Muna bin gari gari da basilla da zaren kaba a burgami, jakarmu ta fata, mu yi kira a ƙofar gida, mata su fito da ƙorensu. Garinmu wani ƙauyen tudu ne can bayan Safo, inda duk ruwan da muka sani na guga ne. Har na yi aure na haifi 'ya'ya biyu ban taɓa shiga ruwan da ya wuce mini gwiwa ba.

Shekara biyu ko uku bayan an gama babban yaƙin Nasara, da kaka, na sauka Madarumfa ranar kasuwa. Ina baje kayana a gindin wata tsamiya sai ga wani tsoho masunci, siriri kamar sandar makiyayi, ɗauke da gora a ka. Ya sauke shi a gabana a hankali, ka ce jariri ne.

Goran su ba irin na shan ruwa ba ne. Ƙato ne, da ƙyar mutum ke rungume shi, kuma a sama ake fafe masa baki. Masunci yakan kife cikinsa a kan bakin ya toshe shi, ya yi ta tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya ɗan karkata ya jefa ciki. Kowa da nasa, domin daidai cikin mai shi ake yanka bakin. Wannan na tsohon jaki ne ya harbe shi, ya tsage daga kafaɗa zuwa gindi, tsawon taƙi biyu.

Tsohon ya ce mini mahaifinsa ne ya shuka duman da ya ba da goran, kuma tun gemu bai fito masa ba yake kwanciya a kansa. Saura kwana uku a buɗe tabkin Madarumfa, a yi su na farko bayan damina, shi kuwa tun da ya yi wayo bai taɓa fashin wannan rana ba. 'Ya'yansa sun ce ya zauna gida, ai ya yi nasa zamanin. Wani ya yi masa tayin aron gora ya ƙi. Ya ce in dai ba a kan wannan ba, to ya gama da ruwa ke nan. Da ya faɗi haka sai ya kau da kai yana kallon wani wuri, ni ma na sunkuya ina duba tsagar don kada in ga idonsa.

Kwana biyu na yi a kan goran nan, na bar ƙoren mata suna jirana. Na gasa basilla na huda ramuka ƙanana kusa da kusa. In ƙwaryar fura ce, sai an jiƙa zaren kaba ya yi laushi kafin a ɗinka. Wannan kuwa a bushe na ɗinka shi, ya yi ta yanka mini yatsu, saboda na san busasshen zare in ya sha ruwa kumbura yake, ya cike raminsa ya ƙara ɗaurewa. Daga nan na narka kakin zuma da danƙon gamji a kasko, na zura hannu har kafaɗa na shafe ciki, na shafe waje. Da na gama na ƙwanƙwasa shi, ya amsa mini da murya irin ta lafiyayyen gora.

Ranar buɗe tabki ban taɓa ganin taro irinsa ba. Mutanen Maraɗi sun fito shan iska da kallo, wasu a kan dawaki, wasu a jakuna, wasu cike da kamyon, babbar motar kamfanin gyaɗa, sun shimfiɗa tabarmi a inuwar gawo suna cin rake. 'Yan mata na tallar ƙosai da fura, makaɗa na ta aiki, ana kokawa a kan rairayi. Kafin a fara su, samari kan yi tseren gora zuwa wata busasshiyar kuka da ke tsaye can cikin ruwa mai zurfi, su taɓa ta su dawo, mutanen birni suna ta shewa.

Masunta suka jera gorunansu a bakin ruwa, sarkin ruwa yana bi yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na tsohon sai ya tsaya, ya bi ɗinkin da yatsa, ya girgiza kai. Ya ce ɗinkakken gora ba ya shiga tabkinsa. A zamanin mahaifinsa an yi wani da ya shiga da irinsa, sai gawarsa aka tsamo, kuma ba zai ɗauki alhakin dattijo ba. Gaskiya ba da wulaƙanci ya yi maganar ba. Amma wani saurayi daga baya ya ce ai gyartai ƙwaryar fura ya sani, mene ne haɗinsa da tabki. Aka kwashe da dariya, har da mutanen birni da ba su san kan zancen ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, matata ta sha faɗa mini bakina ne zai yanka mini wuya. Ban san lokacin da na fito gaba ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗinka shi, ni zan hau shi. In je kuka in dawo. In an sami ɗigon ruwa a ciki, a fasa shi a kaina."

Sarkin ruwa ya tambaye ni ko na iya ruwa. Na ce ko kaɗan. Aka sake wata dariyar da ta fi ta farko. Ya daɗe yana dubana, daga baya ya ce to, sai an gwada akan san na ƙwarai, ya sa samari biyu su bi ni daga nesa da nasu gorunan. A lokacin ne hankalina ya dawo jikina. Na dubi kukar nan na ga ta ƙara nisa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na tuɓe riga.

Tsohon ya kwance ƙyastunsa daga ɗamara, ya ciro audugar da yake kunna wuta da ita, ya ɗaga kowa ya gani, ya jefa cikin goran. Ya ce ita ce shaida, domin auduga in ta ji danshi ba ta kama wuta. Ya raka ni har ruwa ya kai masa ƙugu, ya kwantar da ni a kan bakin goran, ya danna mini baya.

Ya ce, "Ɗana, gora ba ya nutsewa, mutum ke rabuwa da shi. Ko mi ka ji, ko mi ka gani, kada ka ɗaga ciki. In ruwa ya shiga ta baki, ɗinkinka za a zaga."

Ya tura ni. Da ƙafata ta rabu da ƙasa, wallahi sai da na kira sunan uwata. Na fara bugun ruwa, ashe hannuna na dama, na riƙon basilla, ya fi na hagu ƙarfi, sai na yi ta kewayawa wuri guda kamar kazar da aka yanka. Ina jin dariya daga gaɓa, wani makaɗi har ya sa mini kiɗa. Na sha ruwa ta hanci. Da na gane inda matsalar take, na rage wa dama ƙarfi, na ƙara wa hagu, na kafa wa kukar ido. Goran ya miƙe.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma na isa. Zalɓen da ke kanta ya tashi, na kai hannu na mari jikinta. Daɗin da na ji ya sa na yi sakaci wajen juyowa, na faɗa cikin bado. Jijiyoyinsa suka naɗe mini ƙafar hagu. Na fizga, suka ƙara kamawa, goran ya karkata har ruwa ya taɓa mini haɓa. Duk jikina cewa yake in tashi zaune in kama ƙafar da hannu, samarin nan biyu kuma sun fara matsowa. Na san in suka taɓa ni magana ta ƙare, in na ɗaga ciki ma ta ƙare, tsoho ya koma gida da goransa a ka.

Na manne cikina, na rungumi goran, na daina motsi. Rabin rayuwata warware zare nake yi, kuma na san zaren da ya sarƙe ba a jansa, baya ake bi da shi ta inda ya shigo. Na shiga juya ƙafar a hankali, ina mai da ita ta hanyar da ta bi. Ɗaya ta saki, wata ta saki, ta ukun ta tsinke. Na daka wa samarin tsawa na ce kada wanda ya taɓa ni.

Da na doshi gaɓa babu mai dariya. Kiɗa ma an daina. Gwiwata ta daki laka, amma ban tashi ba sai da tsohon ya zo da kansa ya riƙe goran, na zame ta baya. Bakin goran ya yi mini zobe ja a ciki, wanda ya yi kwana bakwai bai baje ba.

Sarkin ruwa ya goge hannunsa a riga, ya zura ya ciro audugar, ya miƙa wa mai ita. Tsohon ya tsuguna, mutane suka yi masa da'ira. Ya ɗauko ƙyastunsa. Ya ƙyasta sau ɗaya, babu komai. Ya sake, babu. A na uku tartsatsi ya faɗa, wani ɗan jan ido ya bayyana a cikin audugar, hayaƙi ya miƙe. Ya hura, ya ɗora a kan lofensa na shan taba, ya zuƙa, ya busa hayaƙin sama.

Guɗar da matan Madarumfa suka yi ran nan har yau tana kunnena. Wani attajirin Maraɗi ya yafa mini rawaninsa, saurayin da ya yi mini gorin ƙwaryar fura kuwa na neme shi na rasa. Sarkin ruwa ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "Baba, kai za ka buɗe mana ruwan bana. Bisimilla."

Tsohon ya miƙe. Ya ɗauki homarsa ta kama kifi, ya kwanta a kan goransa da lofe a baki, ya tura. Sai da ya yi nisa shi kaɗai sannan sauran masunta suka ruɗuma a bayansa. Ni kuwa na koma bakin ruwa. Na zauna daɓas a cikin laka da rawanin mutane a wuya, ina kuka ina dariya, ina bin hayaƙin lofen nan da ido yana tafiya a kan ruwa.

Kafin la'asar an tara mini fasassun goruna a gindin tsamiya, waɗanda suka shekara suna shan hayaƙi a rataye. Tsohon ya zo da wata ƙatuwar tarwaɗa, ta farko da ya kama, ya ajiye a gabana. Ya ce in dawo da rani ya koya mini iyo. Na yi masa godiya, na ce Baba, wanda na yi ya ishe ni. Ya yi kaka shida yana buɗe ruwa a kan ɗinkin nan kafin Allah ya karɓi abinsa, ni kuwa har yau ban iya ruwa ba.