Motar Baba da ta ƙi barin Lakwaya

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, tsohuwar motarsa ta dawo hannuna. Ba wai na fi sauran 'yan'uwana ba ne, ni kaɗai ne na nuna ina son ta. A cikinta na koyi tuƙi, Baba yana gefe yana ta taka burkin da babu shi a ɓangarensa. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kabo. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in kama hanyar Lakwaya wajen mahaifiyata, in koma Litinin da sassafe.

Matsalar motar ɗaya ce, amma ta ishi mutum. Duk Litinin a Lakwaya sai in tarar batir ya mutu. In murɗa makulli, ta yi ƙyat-ƙyat sau biyu, shi ke nan. A Kabo kuwa ko kwana uku ta yi a ajiye, bugu ɗaya take tashi. Dole sai an tura, kuma masu turin su ne dattawan da muka yi sallar asuba tare. Har ta kai in na sallame na waiga, sai in ga kowa ya sunkuyar da kai ya tsawaita lazimi.

Mutanen unguwa ba su sha wahalar gano dalili ba. Suka ce motar ba ta son barin gidan mai ita ne. Inna ma ta karɓi zancen hannu bibbiyu.

"Ƙyale ta," in ji ta. "Shekara nawa tana kwana a ƙofar gidan nan? Kewa take yi."

Na yi dariya a gabanta, amma kada in ɓoye muku, ni da nake tsayawa gaban allo ina koyar da 'ya'yan mutane, sai da na fara tunanin ko da gaske ne.

Na kai ta wajen mai batir a Gwarzo, ya ce batirin ya gaji. Na sa sabo. Litinin biyu ya ɗauka, ta uku muka koma turi. Na je wajen mai waya, ya gwada altaneta, wato abin da ke yi wa batir caji in mota tana tafiya, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya kankare farin garin da ya taru a kan batirin, ya ƙara ɗaurewa, ya ce in je in gode Allah. Na gode, Litinin ta zo, muka tura.

Ranar da abin ya kai maƙura, jarrabawa za mu fara, na isa makaranta ɗalibai sun yi awa guda suna jirana. Labari ya kai wa babban yayanmu da ke kasuwanci a Gwarzo. Shi ba mai dogon zance ba ne.

"Malam," ya ce, "motar nan ta gama aikinta a duniya. Ba taka ce kai kaɗai ba, tamu ce duka. In ta sake mutuwa sau ɗaya, zan kira 'yan gwangwan su yanka ta, kowa ya huta."

Na san yana da gaskiyarsa. Amma da na tuno yadda suke fasa mota da guduma, sai na ji kamar Baba za a sake ɗauka daga gidan. Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba.

Akwai wani abokin aikina, mutumin Filato, malamin kimiyya, wanda ya daɗe a Kabo har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shi na kai wa kukana. Bai ko buɗe bonet ba sai da ya gama yi mini tambayoyi kamar alƙali: a ina take mutuwa, wace rana, kwana nawa take yi ba a tayar ba. Sannan ya ɗauko wani ƙaramin ƙwan fitila mai waya biyu. Ya kashe motar, ya rufe ƙofofi, ya kwance baƙar wayar batir, ya haɗa ƙwan tsakanin wayar da kan batirin.

"In ya kama, akwai abin da ke shan wuta alhali mota tana kashe," ya ce.

Bai kama ba.

"To Malam, a nan dai motarka ba ta da ɓarawo. Ɓarawon yana Lakwaya. Tafi da ƙwan, ka gwada can, kuma ba sau ɗaya ba."

Juma'a ina isa gida, ko ruwa ban sha ba na ɗauko sifana na gwada. Shiru. Asabar da hantsi na sake, shiru. Bayan la'asar na ce bari in yi na ƙarshe, ina haɗawa sai ga ƙwai ya kama jawur. Na tsaya ina kallonsa, ina tambayar kaina me ya canja tsakanin hantsi da la'asar. Ban tayar da motar ba, rediyo a kashe, ƙofofi a rufe. Sai na zagaya baya.

Inna ba ta yarda ɗanta ya bar gidanta hannu rabbana ba, kuma ba ta jiran ranar tafiya, wai kada a manta wani abu cikin gaggawa. Tun Asabar da rana take sa a loda tsaraba a but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota: masara, gyaɗa, kuka, daddawa, da ƙullin maƙwabta daban. But ɗin bai taɓa rufuwa ba, sai dai a ja murfin a ɗaure da igiya. Na kwance igiyar, na sauke buhun gyaɗa, sai ga 'yar fitilar cikin but tana ci da rana tsaka, har ta yi zafi. Haka take kwana biyu tana ci a bayan buhu duk mako. Na sauke sauran kayan na rufe but, ƙwan gwaji ya mutu. Na buɗe, ya kama. Sai da na yi haka ya fi sau biyar, ni kaɗai ina dariya a ƙofar gida.

Inna ta leƙo ta ga tsarabarta a ƙasa.

"Lafiya kake sauke mini kaya?"

Na nuna mata fitilar. Ta matso ta duba da kyau.

"Au, wannan? Ai babanku ya cire ƙwan nan tun kuna yara. Ya ce shi ke kashe masa batir in ya ɗauko kayan gona. Wa ya mayar?"

Ni na mayar. Makon da na karɓi motar na kai ta a gyara mini duk fitilun, na ga ramin ƙwan babu komai, har na ce wa mai waya tsoho dai sai a hankali, ya sa mini wanda ya fi kowane haske.

Na zare ƙwan na jefa aljihu. Na tayar da motar, ta tashi da ƙyar, na je Gwarzo na dawo don batirin ya cika. Muka mayar da kayan Inna, muka ɗaure da igiyarta yadda ta saba.

Na aika wa yayana labari, Litinin ya yi sammako a kan babur don ya gani da idonsa. Dattawa ma, saboda kunyarsa, sun fito suna naɗe hannun riga. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Na kashe, na sake, ta tashi. Wani dattijo ya warware hannun rigarsa ya ce Allah ya yi mini albarka, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Yaya ya zagaya motar, ya dafa murfin but ɗin.

"A bar ta," ya ce.

Daɗin da na ji a hanyar Kabo ranar, ko ranar da aka ɗauke ni aiki ban ji irinsa ba.

Tun daga nan na daina saurin ɗora wa batir laifi. In ya mutu, tambayata ta farko ita ce me ya sha shi. Kafin in bar mota sai na zagaya ta na duba kowace fitila, ina goge kan batir in ya yi gari, in kuma za ta daɗe a ajiye sai in kwance baƙar wayar. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ga aikin hankalin mahaifina na ɗauka sakaci ne. Motar tana nan har yau. Ramin ƙwan yana nan babu komai, kuma duk mai wayar da ya kai hannu wajen, ranar za mu ɓata.