Yaya Habi, Ginin Bai Kai Rufi Ba

Da azumin bana Yaya Habi ta cika shekara goma sha uku a ƙasa. Ita nake bi. A Getso aka haife mu, aure ya kai ta Kabo, ni ya kawo ni Gwarzo. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan soya ƙosai in yi mata sadaka, in yi addu'a, in ja bakina. Bana na kasa yin shirun.

Mai ƙuli-ƙuli ce, ga ƙarfi ga baki. Tana matsar tunkuza tana yi wa duk wanda ya gifta tsiya. Ni ta fi sa wa a gaba, 'Yar Boko take kirana, wai na gama sakandare amma tuwona ba ya rabuwa da gudaji. Ranar da aka kai ni ɗakin miji ta haɗa ni da 'yarta ta fari, Saratu, ta zama tawa. Har Yaya ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunan yarinyar ba, saboda kunyar 'yar fari. "Yarinyar nan" kawai take cewa, tana kallon wani wajen.

Ciwon ya fara mata kamar ƙwayar gurjiya a nonon dama. Ta ɓoye shi har sai da hannun ya daina iya matsa. Da manya suka duba suka ce daji ne, kuma hukuncinsa a wajenmu sananne ne: ba ya son ƙarfe. Wai da allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, sai ya fusata ya bazu cikin jiki. Kowa ya yarda da haka, Yaya ta fi kowa yarda. Maƙwabciyarta Maman Ladi, malamar asibiti 'yar kudancin Kaduna, ta yi ta zarya tana roƙo a tafi birni tun abin yana ƙarami. Yaya ta cika mata kwalbar man gyaɗa, ta ce ta je ta ji da masu zazzaɓi.

Lokacin kuwa zamanin tsuke bakin aljihu ne. Ka je asibiti a rubuta maka magani ka fita nema, mota ta yi wuya, hatsi ya yi tsada. Zancen ƙarfen sai ya zo daidai da halin da ake ciki, ba wanda ya so ya bincika shi. Aka shiga sassaƙe da shafe-shafe da hayaƙi. Da wurin ya fashe, turaren wuta muke kwana muna wuni da shi don kada masu dubiya su gane. Sa'ad da aka kai ta birni, likita ya ɗaga mayafin, ya mayar a hankali, ya tambaye mu ina muke bara.

Muka dawo da ita gida. Ana saura kaɗan ta cika, ina shafa mata ruwa a leɓe, ta riƙe min hannu ta ce, "'Yar Boko, zancen ƙarfen nan ya cuce mu. In ya zo wa yarinyar nan, ki kai ta a yanka. Kada ki saurari kowa."

Bayan an ƙaddamar da Shari'a zukata suka yi taushi, aka yi ta maganar tausayin marasa ƙarfi. Mutanen yankinmu suka yanke shawarar gina sashen masu ciwon daji a ƙaramin asibitin da al'umma ta kafa da kanta. Manoman Lakwaya da Jama'a suka kawo hatsi, samari suka yi gayyar buga bulo, mu matan gida muka riƙa aika dambu da kunu. Maman Ladi, da ta riga ta ajiye aiki, ta jawo matan cocinsu suna ɗibar wa magina ruwa. Aka ce likita mace za ta riƙa zuwa daga birni tana duba mata, har tiyata za a yi a nan. Ranar da aka haƙa tushe na yi kuka, na ce da Yaya tana nan da ta ga abin da ciwonta da na ire-irenta ya jawo.

Yau kuwa ban san da wane ido za ta kalle mu ba. Bango ya kai linta, siminti ya tashi, aiki ya tsaya. Damina biyu ta sauka a cikinsa. Tafasa ta fito a inda aka ce gadaje za su zauna, awaki ne ke fakewa a gindin bangon. Na san bakin Yaya: cewa za ta yi mun gina wa dabbobi asibiti, mu je mu tambaye su ko sun samu sauƙi.

Ana gobe za a ɗauki azumi Saratu ta zo gaishe ni. Ta jira yara suka fita, ta kama hannuna ta cusa ƙarƙashin hijabinta. Ƙullutu na ji a nonon dama, daidai wurin na uwarta. 'Ya'yanta uku, ƙaramin ko yaye bai kai ba.

Surukarta ta faɗi abin da manyanmu suka faɗa a wancan karo, kalma ɗaya ba ta canza ba. Mijin mutumin kirki ne, amma ya kasa tsallake maganar mahaifiyarsa, ya kuma kasa kallon idona. Sai ya samo mafita: a jira a gama ginin. Ga shi kusa da gida, ga likita mace, babu namijin da zai buɗe masa iyali. Ita ma Saratu ta rungumi zancen, don tsoro take ji. Ta ce min, "Inna, ai rufi kawai ya rage, ko?" Washegari na hau mota na je na tsaya a cikin ginin da azumi a bakina. Na ɗaga kai, sama na gani. Ginin da muka yi don a daina jinkiri, shi ya zama dalilin jinkirin.

Ina roƙon masu hali, don Allah, a rufa ginin nan. Ina roƙon malamanmu su hau mumbari su faɗa a fili cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma lalura ta halatta likita namiji ya duba mace. Daga bakinku za a ji, daga nawa ba a ji. Amma ko gobe aka ɗora kwano, ƙullutun nan ba zai tsaya jiran fenti da gadaje ba. Daga farkon azumi zuwa yau na sake taɓa shi, ya wuce gurjiya.

Turmin Yaya ya tsage, kaskon suyarta yana gidan wata jikar maƙwabta, ko hotonta ba mu da shi. Abin da ta bar min magana ɗaya ce, ita na ɗauka na kai gaban surukar Saratu, na durƙusa kamar ba sa'ata ba, na ce wasiyya ce. Ta tambaye ni idan aka yanka yarinya ta mutu wa za a kama. Na ce ni. Har yanzu ita da mijin Saratu ba wanda ya ce e. Na dai wanke wa Saratu zannuwa na ɗaure, na ce jaririn a bar min shi, Maman Ladi ta ce ko da sanda za ta raka mu. Gobe ma zan koma gidan in sake durƙusawa.

Allah Ya ji ƙan Yaya Habi, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Sunan da kunya ta hana ta kira, ni nake kiransa yanzu a kowace sujada, a madadinmu mu biyu: Ya Allah, Saratu.