Madubi da Bututun Kwata

A layin masu wankin ƙarfe, idan aka ce Madubi ba a tambayar wanne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da murya kamar an buga duro. Aikinsa shi ne a kawo masa salansar babur da tsatsa ta cinye, ko mariƙin ƙofa, ko ƙafar kujerar aski, ya kankare, ya goge, ya rataya a ƙugiya, ya tsoma cikin bahon magani, ya jona wuta. Can an jima ƙarfe ya fito yana ɗaukar ido. Sunan kuwa wata ɗabi'a ce ta jawo masa: ba ya miƙa wa mai kaya kayansa sai ya kanga ƙarfen a fuskarsa ya washe baki.

"In ban ga wushiryata a ciki ba, aiki bai yi ba," haka yake cewa.

Da injin goge ya fara tun yana saurayi, kullum hancinsa baƙi ƙirin. Bahonsa na farko rabin duro ne. Yau yana da shago mai ƙofa biyu da baho jere da bango, matarsa kuma tana cewa tunda ta aure shi ba ta sayi madubi ba, murfin tukunya ya ishe ta ɗaura ɗankwali. Da 'yan layin suka kafa ƙungiya, shi aka ba shugabanci, saboda shi kaɗai ne ake jin maganarsa ko injin goge yana aiki.

Shagunan layin duk kwata ɗaya suke zubarwa. In an ciro ƙarfe daga baho sai a ɗauraye shi a famfo, ruwan ɗauraya mai rawaya-rawaya ya bi kwata, ya fita ta wani bututu a ƙarshen layi, ya gangara rafin da masu lambu ke ban-ruwa da shi. Haka suka taso suka tarar, ba wanda ya taɓa bin ruwan ya ga inda yake kwana.

Sai labari ya zo cewa hukumar kula da muhalli za ta turo jami'a ta duba layin. Madubi ya tara 'yan ƙungiya a ƙofar shagonsa.

"Jama'a, baƙo na zuwa. Me muka iya a duniya?"

"Ƙyalli!"

"To, a nuna mata ƙyalli."

Aka share, aka wanke, aka goge ƙofofi da kawunan famfo. Madubi da kansa ya kwance bututun ƙarshen kwata, ya kai shagonsa ya yi masa wankin da ko salansar ango ba ta samu ba, ya mayar ya ɗaure. Ya durƙusa ya leƙa, ya ga wushiryarsa, ya ce, "Yauwa."

Jami'ar ta iso da hantsi, doguwar mace da takalmin roba da jaka a kafaɗa. Madubi ya tare ta da fara'a.

"Ranki ya daɗe, ta ina za a fara? Ga shagona, ga na..."

"Ina ruwanku yake fita, Shugaba?"

Ya kai ta yana taku ɗai-ɗai. Ta dubi bututun yana walƙiya.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne nan."

"Hannunka da kyau." Ta ciro ƙaramar kwalba ta tara a bakinsa, ta ɗiga wani magani a ciki. Nan take ruwan ya rine ya koma ja. "Ka ga wannan? Maganin bahonku ne, shi masu lambu ke zuba wa ganye. Zan dawo bayan damina ta faɗi. In ya sake yin ja, kwaɗo na cikin jakata, zan garƙame layin nan daga farko har ƙarshe."

"Har da waɗanda ba su da laifi?"

"Kwata ɗaya ce, Baba. Ba na jin muryar kowa a cikin kwalba."

Kafin ta tafi ta zauna kan benci ta yi musu bayani dalla-dalla. A gina tanki a ƙarshen layi, ruwan kowa ya taru, a zuba hodar da ke kwantar da maganin ya zama laka, motar hukuma ta riƙa kwashewa. Amma tanki ba zai iya da ambaliya ba. Dole kowa in ya ciro ƙarfe ya rataye shi a saman baho ya tsane tukuna, maganin ya ɗiga ya koma inda ya fito, sannan a ɗauraye. Ta bar musu kwalba da maganin gwaji.

A gida matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato ka yi wa kwata kwalliya? Ashe ni ba ni kaɗai ce amaryar ba."

"Ki yi dariyarki. Wanda ya iya sa tsatsa ta yi walƙiya, ruwa ne zai gagare shi?"

Tanki bai ba shi wahala ba. Ya bi shago-shago, mai bulo ya kawo, mai walda ya kawo kansa, aka gina. Aka kuma liƙa sandar ƙarfe a saman kowane baho don rataya. Mutane suka fara koyon tsayuwa suna sauraron ɗis, ɗis, ɗis. Amma duk da yamma in Madubi ya tara kwalba a bakin bututu, sai ta yi ja.

Bai sha wahalar gano bakin zaren ba. Akwai ƙanin matarsa a tsakiyar layi, wanda ake kira Yanzu-Yanzu, don ko me ka kawo masa amsarsa ke nan. Shi ne mafi saurin hannu a layin, kuma bai san mene ne jira ba. Madubi ya tsaya a ƙofarsa yana kallo: ya fizgo salansa daga baho tana zubar da magani shaa, ya yi wurin famfo da ita.

"Kai, ƙanin mata! Sandar nan da aka liƙa maka, ta shanya ce?"

"Yaya, ai na girgiza ta."

"Ka girgiza ta a kan kwata."

"Haba Yaya! Mai babur na tsaye a kaina, ni kuma in tsaya ina kallon ƙarfe yana hawaye? Ko a gidan makoki ba na daɗewa haka."

A taron ƙungiya rai ya ɓaci. Tsoho mai injin goge, wanda ya girmi kowa, ya buga sandarsa a ƙasa.

"A kore shi daga ƙungiya! Wake ɗaya ke ɓata gari."

"In mun kore shi daga ƙungiya, Baba, mun kore shi daga kwata?" in ji Madubi.

Ya dubi jama'a ya ci gaba.

"To ku ji. Daga yau Yanzu-Yanzu ne mai kula da tanki. Shi zai riƙe kwalba, shi zai yi gwaji, shi zai tsaya gaban jami'a."

Wuri ya kaure. "An ba kura ajiyar nama!" wani ya ce daga baya.

"Ƙwarai kuwa," in ji Madubi. "Amma a gaban jama'a za ta riƙa ƙirga shi."

Yanzu-Yanzu ya miƙe yana gyara wuyan riga. "Ni ban ce ina so ba."

"Tsoro kake ji?"

"Wa? Ni? Miƙo kwalbar."

Washegari Madubi ya zo masa da mai walda, aka ƙara masa sanda ta biyu da ƙugiyoyi.

"Na san ciwonka, hannunka ne ba ya son zama. In wannan tana tsanewa, ka ɗaura waccan. In waccan ta shiga baho, wannan ta gama kukanta. Ba za ka tsaya ba, ba kuma za ka zubar ba."

Yanzu-Yanzu ya gwada yana ƙunƙuni. Da yamma ya je bakin bututu, rabin layi na biye da shi, ana jira a yi masa ihu. Kwalba ta yi ja, aka kuwa yi masa. Kashegari ta yi ja-ja. Abin ya taɓa shi. Mutumin da bai iya jira ba ya koma ɗan sandan layi, kana aiki sai ka ji muryarsa a bayanka: "Malam, wannan ta tsane? Ina jin ɗigarta daga shagona!" Har Madubi bai tsira ba. Ranar da ya yi gaggawar ciro mariƙin ƙofa, sai ga ƙanin mata a ƙofa.

"Shugaba, sandar nan ta shanya ce?"

Jami'ar ta dawo bayan ruwan farko, da takalminta na roba. Ana jin kwaɗo na ƙara a jakarta in ta yi taku. Ba wanda ya goge komai a wannan karon. Ta duba tanki, ta duba lakar da aka tara a duro, ta tara kwalba a bakin bututun mai walƙiya, ta ɗiga magani. Injin goge ma an kashe shi. Ruwan ya tsaya fari tas.

"Kowa ya koma bakin aikinsa," ta ce. "Amma zan riƙa zuwa ba sanarwa."

"Ki zo yanzu-yanzu ma," in ji mai kula da tanki.

Madubi ya karɓi kwalbar ya kanga a fuskarsa, ya washe baki, ya juya ta hagu da dama.

"Ranki ya daɗe, ban ga wushiryata ba."

"Ni na ganta ta cikin kwalbar, Baba. Aiki ya yi."

Ya miƙa wa ƙanin matarsa kwalbar, ya nufi shago yana ƙwala wa mai injin goge kira ya tayar da inji, akwai salansa uku na jira.